Hagun Allon Baba

Wurno, 4 ga Rajab

Zuwa ga ƙanena Bashar,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lahiya, kai da karatun ƙwaƙwalwar taka. Inna na gaishe ka.

Jikin Baba da sauƙi. Sai dai tun shanyewar ɓarin jikin ga, in ya zauna zayyanar allon masu saukar Alƙur'ani, dama kaɗai shika cikawa. Hagu fari fat, kuma a idonshi allo ya cika. Ni ka ƙarasa hagun a ɓoye kahin masu shi su zo. Shekara arba'in ana kawo mishi allo har daga Rabah da Goronyo, da wane baki zan gaya mishi?

Ka ce in turo hoton waɗanda ban sa ma hannu ba. Ga su nan. Da nic ce mishi kai ka roƙa, wallahi har babbar riga yas sa. Wai yau ɗan boko ya san abu mai kyau.

Allah shi tsare.
Yayarka, Mansura

Wurno, 19 ga Shawwal

Bashar,

Ina gaisuwa, don Inna ta ce in gaishe ka.

Madalla, Dakta! Malam Lawwali na firamare ya ga bidiyonka a waya. Ka tsaya gaban Turawa da allon ubanka, kana nuna farin gehen da sanda, wai ga yadda kyau ka mutuwa cikin ƙwaƙwalwa. Ka ɓoye sunanshi, ko? Mi ka ɓoye? Akwai wanda bai san hannun ubanmu Malam Junaidu ba a Wurno? Ƙohwar masallaci Lawwali yaf fassara ma jama'a, Baba na zaune.

Da yad dawo bai yi faɗa ba. Ya sa na ɗauko allon da na ƙarasa kwana guda kahin nan, na juya mishi shi kai ƙasa, hagu ya koma dama. Sannan yag gani. Ya daɗe shina kallo. Ya tambayi hannun wa, na faɗa mishi. Sai yac ce ashe shi ya sa tun bara mutane ka cewa aikinshi ya ƙara kyau.

Kwana tara ke nan, tawada ta bushe cikin kurtu. Ya ce in tambaye ka, tunda injinku na ganin cikin kai, wane gehe ne mutane ka yabo. Ka amsa mishi da kanka, kai ne masani. Ni na san amsar, kuma Allah shi gahwarta min, na ji daɗi.

Ka huta lahiya, in ka iya.
Mansura