Mutumin Fanya da Maigidana Ya Ƙi Faɗin Sunansa

Zuwa ga Gwaggo Kellu,

Don Allah Gwaggo ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Da hannuna na rubuta wannan, da ɗan karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci, don ban yarda mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa ya ji sirrina ba.

Maigidana dillalin shanu ne a nan Wulari. Kafin aurenmu ya yi shekara bakwai yana fawa a Fanya, tsibirin nan na cikin teku da Turawan Sifen suke mulki. Shekararmu shida da aure, 'yarmu ɗaya. Ci da sutura kam ban rasa ba, ba zan yi masa ƙarya ba.

Mutum ne mai son labarin Fanya, kuma kowa yana da suna a bakinsa. Madu abokin tafiyarsa, Ya'akubu mai masaukinsu, har karen Baturen gandun koko na san sunansa. Amma akwai mutum ɗaya da ba shi da suna, sai dai "shi". Shi ba ya cin kifi. Shi ya sha zazzaɓi wata damina. In Madu ya zo suka zauna a zaure ina jiyo su, da an zo kan "shi" sai murya ta yi ƙasa, su juya Sifaniyanci.

Sau uku ina tambaya. Na ƙarshen ya ce mini wai ɗabi'ar Fanya ce, a yarensu in an san wanda ake zance ba a maimaita sunansa, wani lokaci ko "shi" ɗin ma ba sa faɗa. Na ce ai ni ban san shi ba. Ya ɗauki buta ya fita.

Ni ban yarda ba, Gwaggo. Abin da na ga ya kwaso a Fanya kiran suna ne gatsau. Yarinyata, tun daga ƙofar gida yake ƙwala mata sunanta na yanka. Ranar da surukata Hajja Inno ta fara ji sai da ta riƙe baki, wai ɗan Fulani ya kira 'yar fari da suna, lallai ƙasar Turawa ta wanke masa ido. To mutumin da bai ji kunyar wannan ba, wane suna ne zai yi masa nauyi?

Watan jiya wasiƙa ta zo da kan sarkin wata ƙasa, ya kai wa Madu suka karanta. Tun ranar ba ya cin abincin kirki. Na tarar da sabuwar hula a ƙasan akwatinsa, ƙarama, ba ta shiga kansa, na ce ko wani malami ne ya sa shi aiki da ita. Yanzu wai bayan salla zai hau jirgin ƙasan nan da aka kawo mana bara, ya gangara har bakin teku ya taho da wannan "shi" ɗin, in share ɗakin kusa da zaure. Maƙwabciyata ta ce waɗanda suka yi ɓarna a can ne ake ɓoye sunansu. Ina jin tsoro ƙwarai. Na riga na ɗaure kayana, in ya taka jirgin nan ni da yarinyata sai gidan babana a Khaddamari. In tafi, ko in tsaya?

Mai Zullumi, Wulari

*

'Yata Mai Zullumi,

Kwance kayan nan tukuna.

Na bincika wurin wani da ya zauna a Fanya. Abin da maigidanki ya faɗa game da yarensu gaskiya ne, amma rabi ya ba ki. Su ma sai sun faɗi sunan mutum da fari sannan su bar maimaita shi. Kin yi daidai da ba ki haɗiye wannan uzurin ba, kuma haƙƙinki ne ki san wanda za a sauke miki a gida.

Yanzu duba wasiƙarki. Kin rubuta Madu, kin rubuta Ya'akubu, kin rubuta Hajja Inno. Mutum biyu ne a gidanki kika kasa rubuta sunansu, mijinki da 'yar farinki. Ɓarna suka yi? A wurinmu ba mai laifi kaɗai ake ɓoye wa suna ba. Shi ma mai ɓoye ɓarawo sunan ƙarya yake laƙaba masa ya huta, ba ya shekara shida yana tuna cewa ba ya cin kifi.

Ina zaton Hajja Inno ta yi kuskure, kunyar ɗanta tana nan inda take. Yana kiran yarinyarki da suna ne don ba ita ce ta farinsa ba. Ki sake duba girman hular nan, ina ganin ta ɗansa na fari ce da ya baro a Fanya.

Zato ne nake yi, ban gani da idona ba. In ya tabbata, ya yi miki laifi babba da ya aure ki bai faɗa ba, kuma za ki ji zafi, kada kowa ya ce miki ba komai. Ki sa Hajja Inno da babanki su zauna da shi kafin salla, a ji ina uwar yaron, tana raye ko ta rasu, da yadda aurensu ya kasance. In kuwa ƙato ne zai kawo, kada ki share ɗaki sai an sanar da Bulama, mai unguwarku.

Amma kafin kowa, ke da shi. Ki bar matsa masa a kan suna, bakinsa ba zai iya ba, kamar yadda naki bai iya ba. Ki ɗauko hular ki ajiye a gabansa, ki tambaye shi shekarun mai ita nawa.

In yaro ne, ki tuna zai sauka a garin da bai san kowa ba, kuma ubansa ba zai taɓa kiran sunansa ba. Dole a samu mai kiransa a gidan nan.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya zaunar da gidanki lafiya.

Gwaggo Kellu