Rigar da Ba Ta Gaida Manya

Takur, Dutse.
Janairu, 2001.

Ƙanwata Bilki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ke da maigidanki Nata'ala kuna lafiya, sanyin Ingila bai ƙarasa ku ba. Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Saƙonki ya iso, mujallun nan da kaset ɗin bidiyo na masu nuna kayan yayi. Na gode, amma Bilki, ki ji tsoron Allah! Ai sai ki rubuta a jikin kaset ɗin cewa kada a saka shi a gaban maigidana Malam. Ya shigo ya tarar muna kallo, ya yi salati ya juya, har yau yana yi mini wa'azi. Mata kamar sillen kara, fuska a murtuke kamar an yi musu mutuwa, wai kayan bazara suke nunawa. Wace bazara? A kawo su Dutse duwatsun nan su huro musu zafi, sa san bazara. Rabin kayan ma yadinsu bai kai ɗankwali ba.

Sai dai akwai riga ɗaya da ta hana ni sukuni. Doguwa ce har idon sawu, ta bi jiki sumul, ba tattara, ba tsaga. Na saka mata dogon hannu, na rufe wuyan, na fitar da irinta kala-kala a atamfa da leshi marar nauyi.

Kin san abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Matan manyan ma'aikatan garin nan, canjin zip da rage ƙugu suke kawo mini, ɗinkin fita kunya kuwa sai Kano. To, Hajiya Mu'minatu, shugabar ƙungiyarsu, ta yarda in nuna ɗinkina a taronsu kafin Babbar Sallah. Tunda aka ƙaddamar da shari'a taron na mata ne zalla, ba kiɗa, ko mai hoto namiji ba zai leƙa ba, don haka Malam ya amince. In abin ya yi kyau, ɗinkin Sallar bana a shagona zai kwana. Ki taya ni addu'a.

Ki gaida maigidanki.

Taki,
Yaya Mashkura.


Takur, Dutse.
Fabrairu, 2001.

Ƙanwata Bilki,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin naki, laulayin ya yi sauƙi? Allah ya raba lafiya.

Ni kam yaran nan za su kashe ni. Na tara 'yan koyon ɗinkina, na haɗa da autata Hadiyya, don ita za ta saka rigar da na fi ji da ita, ta leshi ruwan ƙwai. Na shimfiɗa tabarmi a tsakar gida daga ƙofar ɗaki zuwa bakin rijiya, na ce su yi tafiya irin ta kaset. Bilki, kin taɓa ganin mai nuna kaya tana kallon yatsun ƙafarta? Wannan ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, waccan ta ƙyalƙyale da dariya ta gudu madafi.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar masifar ita ce gaisuwa. Maƙwabciya ta leƙo aron turmi, sai ka ga duk sun zube ƙasa, ana ina wuni, ana ya gida. To ranar taro fa, da Hajiyoyi za su jeru dama da hagu? Ai sai a yi la'asar ba a nuna riga biyu ba. Na kafa musu doka: daga an fito ba tsayawa, ba durƙuso, ko wa aka gani. Hadiyya ta tambaye ni wai ko da malamarsu ta Islamiyya ce. Na ce ko da uwar da ta haife ta ce, wato ni. Ta tura baki, wai ni ce fa nake make ta tana ƙarama in ta gaida babba a tsaye. Ki ji mini yarinya!

Ga wani ƙarin ciwon kai. Dada, mahaifiyar Malam, ta zo daga rugarsu ta wajen Taura ganin likitan ido. Ta ji labarin taro, ta ce ƙafarta ƙafar jikarta. Na ce wurin da nisa, ta ce ita da ta yi ta kai nono kasuwa a ƙafa. Na ce ba fura za a sha ba, ta ce ai ba yunwa take ji ba. Dole na yarda za ta bi mu.

Ki gaida mutanen gidan.

Taki,
Yaya Mashkura.


Takur, Dutse.
Ƙarshen Fabrairu, 2001.

Bilki,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina a ɓace yake.

An yi taro. Da farko wallahi abin gwanin sha'awa. Yaran suka fito ɗaya bayan ɗaya, kai a sama, ba wadda ta tsaya. Na ga matan suna zunguren juna, wata har ta miƙa hannu ta taɓa gefen riga. Ina laɓe bayan labule zuciyata fes, har na fara tunanin inda zan sa keken ɗinki na biyu.

Sai Hadiyya ta fito. Bilki, 'yata ce, amma sai da na ce masha Allah. Kowa ya zuba mata ido. Ashe Hajiya Mu'minatu, don girmamawa, ta ɗauko Dada daga baya inda na ajiye ta, ta zaunar da ita a kujerar gaba, daidai inda ake juyawa. Yarinyar ta taho tiryan-tiryan har ta iso gabanta. Dada ta ɗago da idon nan nata mai magani, ta kira ta da sunan da take kiranta da fillanci.

Na ga Hadiyya ta waiwayo wajen labule. Na zare mata ido, na girgiza kai. Ta dube ni, ta dubi kakarta, ta durƙusa.

Ɓaraaat! Rigar ta yage tun daga gwiwa har ƙugu. Ɗinkin da na bi sau biyu da hannuna! Da ba don shafin ciki ba, da sai dai mu bar garin. Dada ta yaye mayafinta ta lulluɓe ta, kuma ba ta fasa amsa gaisuwar ba, har da tambayar ko ta ci abinci. Dariya ta ɓarke. Wata daga baya ta ce kayan aro ba ya rufe katara. Hajiya Mu'minatu kuwa ta ja ni gefe, cikin lallashi, ta ce rigar ta yi kyau, amma wadda ba a gaida manya da ita, ta yaya za a yi sujada a cikinta ranar idi?

Na dawo gida na zazzage mujallunki kaf, shafi-shafi. Bilki, babu mace ɗaya a ciki da take durƙushe, ko zaune a tabarma. Duk a tsaye suke ƙiƙam kamar an dasa su. Ke da kike can kina gani, me ya hana ki gaya mini?

Jiya da idona na ga motar Hajiyoyi ta ɗauki hanyar Kano, but ɗin bayanta cike da ledojin atamfa. Ko zip ba a kawo mini ba. Hadiyya kuma kuka take, wai ita ta jawo mini. Na ce ta rufe mini baki, amma na kasa yi mata faɗa, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi.

Yau da safe Dada ta shigo shago da sandarta, ta kwance ƙullinta, ta fito da turmin atamfar da take ɓoyo tun auren Malam. Ta ce in ɗinka wa jikarta rigar Sallah, irin waccan ɗin sak don ta yi mata kyau, amma wadda za ta gaishe ta da ita. Ta ja kujera ta zauna a gefen keke, wai ba ta tashi sai ta ga na saki ƙasan da idonta.

Ɗinkin Sallar da na samu bana ke nan, guda ɗaya tal. Ga ta nan tana buga sanda, wai na cika rubutu. Bari in ɗauki almakashi.

Taki,
Yaya Mashkura.