Ni Ne Kamfanin

Daura.

Zuwa ga Yaya Sabiru, kasuwar dabbobi, Mai'Adua.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ina ƙara yi maka ta'aziyyar Inna, Allah Ya jiƙanta da rahama. Na ba direba wannan takarda ne saboda ka rufe lambata, na kuma zo har ƙofar gida ka ƙi fitowa.

Yaya, ka fahimce ni. Kamun da aka yi maka ya dame ni, amma abin ba a hannuna yake ba. Da baƙon nan ya ciri kuɗi a na'urarka da katin sata, kamfani ne ya gano, shi ya rufe asusunka, shi kuma ya ba 'yan sanda sunanka. Ka duba yarjejeniyar da ka sa wa hannu ranar da na kawo maka POS ɗin. A shafin farko an rubuta cewa mai hidimar biyan kuɗi da kati shi ne kamfanin da ke karɓo kuɗi daga bankin mai kati ya zuba wa ɗan kasuwa. Ba banki ba ne, ba kuma wanda ya kawo na'ura ba. Ni wakili ne kawai, ba ni da ta cewa.

Ƙanwarka Zubaida ba ta iya cin abinci tunda ka daina yi mana magana, ga tsohon ciki. Don Allah ka dubi zumunci.

Naka mai biyayya,
Harisu.

Mai'Adua.

Harisu,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso.

Yau kai ne wakili kawai? Ka manta ranar da ka tsaya a rumfata da hula a karkace, kana gaya wa dillalan shanu, "A ƙasar Daura ni ne kamfanin, duk abin da ya taso ni za ku nema"? Saboda kana auren ƙanwata na fara karɓa, saboda ni sauran suka karɓa.

A caji ofis ba su nemi komai ba sai wani daga kamfani ya zo ya shaida cewa ni ɗan kasuwarsu ne mai rajista. Na roƙi wani kurtu ya ara mini waya. Ka ɗauka. Ka ji muryata, na ce, "Harisu, Inna na asibiti, ka zo ka fitar da ni." Ka kashe wayar. Da dillalai suka yi belina na iso gida, tabarmin zaman makoki na tarar. Ban ga fuskarta ba, ban sallace ta ba.

Ka ce in duba yarjejeniya, to na duba. Malam Saminu na makarantar sakandare ya karanta mini ita da Hausa tun daga farko har ƙarshe. Gaskiyarka, ba kai ne kamfanin ba. Ashe tsakaninmu da kamfani kai-tsaye ne, kuma duk ɗan kasuwar da bai gamsu da wakilinsa ba yana iya neman a sauya masa wani. Wannan ba ka taɓa faɗa mana ba. Na gode da ka nuna mini shafin.

Zan bi rumfa-rumfa in faɗa musu. Ba zan yi maka ƙarya ko ɗaya ba, abin da ka yi ya isa.

Sabiru.

Daura.

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti Rahama da yara. Allah Ya sauke ni lafiya ranar Talata, an samu mace. Sunan Inna za a sa mata, Madina.

Yaya, na ji abin da kake yi. 'Yan Mai'Adua duk sun koma hannun wani wakili. An ce har Zango ka je a babur, ka zauna cikin masu sayar da gyaɗa kana ba su labari, su ma sun bar Harisu. Kamashon da muke ci da shi ya yanke, ya sayar da babur ɗinsa. Jiya ya je shagon wani da ya kai wa na'ura, mutumin ya ce ya fita kada ya ja masa ɗauri. Ya dawo ya shige ɗaki, ko jaririyar bai ɗauka ba.

Ban ce ya kyauta ba. Tsoro ya ji, wai kada a haɗa da shi a rasa aikin. Amma ka sani, ranar jana'iza bai ɓuya ba. Da liman ya tambaya ina ɗanta namiji, shi ya shiga kabari ya karɓe ta ya kwantar da ita. Ko wannan bai isa ya sanyaya maka zuciya ba?

'Yan Kongolam kaɗai suka rage masa. Don girman Allah ka bar mana su, ka kuma zo suna. Ba ni da uwa ba ni da uba, kai ne.

Ƙanwarka,
Zubaida.

Mai'Adua.

Zubaida,

Wa'alaikumus salam. Barka da arziki, Allah Ya raya Madina. Ga rago nan da buhun gero a motar Auta direba. Ke da yarinya ba za ku kwana da yunwa ba muddin ina raye, ɗakin Inna ma a share yake in kin so.

Ban san shi ya sa ta a kabari ba, babu wanda ya faɗa mini. Wato ya bar ni a kulle, ya je ya tsaya a wurina, mutane suna sa masa albarka. Da kin sani ba ki rubuta wannan ba.

Ba zan zo suna ba. Ranar ina Kongolam.

Yayanki,
Sabiru.