Na ce injinta na kawo cuta, ga shi da irinsa nake gasa wa Baba dankali

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, iyayena da yayyena da ƙannena, barkanmu da war haka, ya gida ya yara ya ƙoƙari. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana, ina da 'yan uwa biyu a cikin gurup ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, wanda zai zage ni ma ya zaga, na san na ci zagi, amma ya haɗa min da mafita.

Ni ce babba a gidanmu, ina aure a cikin Gwarzo, gidanmu kuma yana wani ƙauye ta wajen Gammo a Kabo. Babanmu malami ne, yanzu tsufa ya zo, haƙoran sun zube sai ɗai-ɗai, ga gyambon ciki, ba ya cin yaji ba ya cin suya. Abin da ya fi shiga cikinsa shi ne gasasshen dankali, wanda ake binnewa a rushi, a ciro a ɓare a sa man shanu. Haka Inna take yi masa, da ta rasu ni na ɗauka. Shekara shida, duk Talata da Juma'a sai na hau mota na je, na hura murhun Inna, na zauna a hayaƙi awa guda ina jira. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake ce min. Idan ya ci ya ƙoshi sai ya ce Allah ya yi miki albarka Uwata, wallahi wannan kalmar ita nake tafiya da ita gida, ko gajiyar mota ba na ji.

To bara ƙanina da yake zaune da Baba ya yi aure, ya auro 'yar Kano, malamar makaranta ce. Gaskiya yarinyar ba ta da matsala, Yaya take ce min har da durƙusawa. A kayan kicin ɗinta aka kawo maikirowef, ga ƙanina ya sa sola a gidan. Wata Talata na zo da dankalina a leda, ina shiga na tarar Baba a kan buzu da faranti a gabansa ya kusa cinyewa. Wai dankalin Turawa ne ta wanke, ta caccaka da cokali mai yatsu, ta sa a injin minti goma, ta tsaga ta zuba man shanu da ɗan gishiri. Na taɓa na ji, jama'a laushi har tsakiya, ba ƙuna ba ɗanye. Baba yana ta cewa Uwata zo ki ga ikon Allah, ba wuta ba hayaƙi, 'yar albarkar nan ta hutar da ke. Na yi dariya na ce ma sha Allah, amma ledar ma ban kwance ba na dawo da ita Gwarzo.

Daga nan kullum ita ce, safe da yamma. Idan na je sai gaisuwa da hira, hirar ma rabinta 'yar albarka ta yi kaza, 'yar albarka ta ce kaza. Kai jama'a, shekara shida ina shaƙar hayaƙi har idona ya lalace, ita danna maɓalli kawai take yi ta koma ta zauna tana latsa waya, a ce wai ta fi ni! Ba zan yi muku ƙarya ba, kishi na ji, irin wanda ko a kan mijina ban taɓa ji ba. Da na ji ƙarar injin nan ya yi ƙit, sai in ji kamar in tashi in watsa masa ruwa.

Ana haka aka turo wani saƙon murya a wani gurup, wata mata tana cewa wai abincin maikirowef yana kawo ciwon daji. Ni kaina ban yarda ba, don na tambayi maƙwabciyata ma'aikaciyar asibiti, dariya ta yi ta ce surutun waya ne. Amma na ajiye saƙon. Ban kai wa Baba da kaina ba, sai na jira ranar da Gwaggo ƙanwarsa ta zo, na kunna a gabanta kamar ban san tana ji ba, don na san Gwaggo ba ta iya riƙe magana. Kafin la'asar ta tayar da gidan. Ta ce wa yarinyar so take ta kashe musu ɗan uwa da girkin ragwanci, wai 'yan boko ba su san darajar tsoho ba, ta haɗa har da iyayenta da suka sayo injin. Ƙanina ya so ya kare matarsa, Gwaggo ta ce an shanye shi. Yarinyar ta yi kuka ta mayar da injin cikin kwali. Baba bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi a bari, a koma wa na gargajiya. Ni kuwa ina gefe ina ba kowa haƙuri, har da rarrashinta.

Na koma murhun Inna ina murna, ashe ban san abin da na jawo ba. Dasashin Baba ya saba da mai laushi, haƙori biyu kuma sun ƙara fita. Na rushi dole bayansa ya yi tauri, wani lokaci tsakiyar ba ta nuna sosai. Sai ya ci loma biyu ya ture, ya ce alhamdulillahi na ƙoshi Uwata. Bai taɓa cewa ba daɗi ba, amma cikin wata guda rigarsa ta yi masa yawa, wuyansa duk ya fito. Ranar da na ga ya tashi sallah sai da ya dafa bango, a mota na yi ta kuka har Gwarzo.

Abin da na yi shi ne, na je Kano na sayo maikirowef na hannu, na ɓoye a ƙuryar ɗakina, ina jona shi da solar shagon maigidana da ke jikin gida. Ranar farko ban caccaka ba, don da can na ɗauka iyayi ne kawai irin nata, ai kuwa dankalin ya fashe a ciki, na fita da gudu ina salati. A hankali na iya. Yanzu idan ya nuna sai in ɗora shi a kan gawayi minti biyu bayansa ya ɗan yi baƙi, in birkita shi a toka, in sa a kula in hau mota. Na ce musu itacen gidana ya fi yin rushi mai kyau, shi ya sa nake gasowa daga can. Baba yana cinyewa tas, jikinsa ya fara dawowa, har yana ce wa Gwaggo ai hannun Uwata daban ne. Albarkar da nake nema ta dawo, amma wallahi duk lokacin da ya sa min ita sai in ji kamar na sata.

Ita kuma baiwar Allah, sauran kwanakin da ba na zuwa ita ke fama da murhu. Ba ta iya ba, ko ya ƙone ko ya fito ɗanye, Baba sai dai ya sha kunu ya kwanta. Makon jiya na ga ƙuna a wuyan hannunta ta shafa man goge baki. Ta riƙe ni a ɗakinta ta ce Yaya duk dangin nan ke kaɗai ce ba ki zage ni ba, don Allah ki koya min yadda kike yi, ina so Baba ya sake cin abin hannuna. Na ce to in sha Allah. Ashe ta je ta roƙi Baba, shi kuma ya ji daɗi, ya ce wannan Juma'ar kada in gaso komai, in zo da ɗanyen dankali, bayan an sauko masallaci in zauna a murhun Inna in koya mata yana kallo, Gwaggo ma ta ce za ta zo.

Na san abin da zai fito daga rushin nan, irin wanda yake turewa ne. Idan na ce ba ni da lafiya, wata Juma'ar tana zuwa. Idan na faɗi gaskiya, Baba mutum ne da ya yi rayuwarsa yana hana mutane annamimanci, da wane ido zai kalle ni, ƙanina kuma anya zai ƙara shiga harkata? Abin da ya fi ba ni kunya, har yanzu kishin bai bar ni ba. Na san ranar da aka fito da injinta daga kwali, ita ce a gidan kullum, ni na koma mai zuwa gaisuwa. Amma kuma kwana biyar a mako tsohon nan kunu yake sha saboda ni.

Don Allah me zan yi? In fara samun yarinyar ita kaɗai in roƙe ta, ko Baba zan fara durƙusa wa? Ko akwai hanyar da zan wanke ta a wajen dangi ba tare da na tona kaina ba? Masu ilimi a cikinku ku faɗa min, albarkar da yake sa min a kan wannan dankalin tana kama ni kuwa? Yau Laraba, ɗazu ta turo min hoton itacen da ta saya, ta rubuta Yaya wannan zai isa?