Mabiyiyar Jikata

Gwallaga, Bauchi.

Zuwa ga aminina Yero,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar? Shanun sun saba da Darazo? Ka yi haƙuri da rubutuna, bai ƙara kyau ba tun da muka bar ajin yamma.

Ka tambayi labarin kwatas ɗinmu. An gama aikin. Masu tsara gari sun yi duk abin da suka nuna mana a taswira, ranar taron da ka fita kafin a tashi, da aka ce ba za a ƙara ɗaure dabba a unguwa ba. Sun haƙa magudana, ruwan sama ya daina shiga ɗakuna. An kawo famfo, an sa fitilu masu aiki da hasken rana. Sauro ya ragu. Ba ni da abin kushewa.

Bayan ɗakunanmu yanzu hanya ce, an shimfiɗa mata ƙananan bulo masu shiga juna. Tsakar gida kuma siminti. Da safe nakan fito in zauna in duba. Ba na jin daɗi, ba na jin ɓacin rai. Ina dai dubawa.

'Yata Hamsatu ta zo goyon ciki. Ka san shekarun da ta yi tana jira. Da uwarta Azumi tana da rai, da ita ce za ta tsaya a kan komai. Ka sa mu a addu'a.

Naka,
Bakari

Gwallaga, Bauchi.

Zuwa ga aminina Yero,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da dukan mutanen gida, da fatan damina ta yi muku albarka.

Hamsatu ta sauka lafiya, mace. Yero, na zama kaka. Da aka miƙo min ita sai da na zauna sannan na yi mata huɗuba. Goshin Azumi ne sak. Na yi ta dariya a gaban ma'aikatan asibiti kamar wanda ya zare.

Sai muka dawo gida da mabiyiya a leda. Hajja ungozoma ta wanke ta, ta fito tana neman inda za ta binne, ta tsaya a tsakar gida. Babu ƙasa. Ko tafin hannu babu.

Mijin Hamsatu ya ce zai kai ta gonar wansa a Inkil a kan babur. Hajja ta ƙi. Ta ce a bayan ɗakin mai jego ake binnewa, in ba haka ba mahaifa takan rufe, kuma ba da hannunta za a yi wa yarinyar nan haka ba. Liman ya ce al'ada ce, ba addini ba. Na yarda da shi. Amma Hamsatu ta ji maganar Hajja daga ɗaki, ta daina shan kunun kanwa, ta juya fuska bango. Murnar da nake ciki ta tsaya cak, har yau ban san inda ta tafi ba.

Ka tuna kwamitin unguwa ya ce duk wanda ya fasa siminti ko bulon aikin nan zai iya rasa gidansa. Ni ma na ɗaga hannu ranar, na amince.

Maƙwabcinmu Obadiya birkila ne ya ce min wannan bulon ba a fasa shi, ɗaga shi ake yi. Bayan la'asar ana yayyafi, hanya ba kowa, ya zo da cebur. Matarsa Paulina ta tsaya a bakin layi da laima kamar mai jiran keke. Muka ɗaga bulo, muka yaye yashi, muka haƙa har muka tarar da baƙar ƙasar nan ta dā, inda Azumi ta sa aka binne na 'ya'yanmu duka. Hajja ta sa ta yadda ake sawa. Obadiya ya mayar da komai ya daddaka. Ban ji tsoro ba. Ban ji komai ba.

Hamsatu ta ci tuwo a yammacin ranar.

Jiya ta fito da kyar, ta ce in nuna mata wurin, don in 'yarta ta girma ta nuna mata. Muka zagaya baya. Ruwa ya wanke hanyar tas, kekuna sun yi ta wucewa a kai. Na duba, na sake dubawa. Duk bulon iri ɗaya ne, Obadiya ya iya aikinsa. Na nuna mata wani da sandata. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi min godiya.

Suna ranar Talata ne. In ƙafar ta bari, ka zo. Ragon a gidan mahauci za a yanka, nan babu inda jini zai zuba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naka har kullum,
Bakari