Naman da Sadiya ta ci

Ogui, Enugu. Daren Laraba, watan Oktoba.

Littafina, ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuta wannan, ba ni da wanda zan faɗa wa ne.

Tun da muka dawo garin nan, mutanenmu ba su yarda sun kai ƙananan yara makarantar nazare ba sai da Baba ya ce ni zan riƙa taimaka wa Madam, malamarsu, a ajin, ina lura da abin da suke ci. Baba ne limaminmu, maganar liman ce, shi ya sa suka amince.

Yau an ɗauke ruwan sama, muka fita tsintar ganye don yara su manna a takarda. Ina can ina wanke musu hannu aka buɗe kwanonin abinci. Da na juyo, Sadiya 'yar Alhaji mahauci tana tauna nama daga kwanon wata 'yar ajinsu, Ngozi. Na tambayi Madam naman mene ne, ta yi dariya ta ce nama ai nama ne. Na kasa sake tambaya.

A hanyar gida Sadiya ta ce, "Yaya, da daɗi. Zan ce wa Inna ta dafa mini irinsa."

In Alhaji ya ji daga bakin Sadiya, duk za a kwashe yaran, kuma Baba ne zai ji kunya a masallaci. Gara Alhaji ya ji daga bakina. Zan tare shi kafin ya fita sallar asuba.

In na iya buɗe baki, ka bar ni in dawo gobe in faɗa maka.