Abin da Na Ɓoye wa Likita a Gaban Huda

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni Alhaji Jabiru Hadi, mai shagon kayan lantarki a unguwar Adjamé ta birnin Abidjan, nake rubuta wannan da hannuna cikin watan Sha'aban na shekarar 2010. Jiki ya ƙare, amma hankalina yana nan daram, kuma ba wanda ya tilasta ni. Zuwa ga 'ya'yana uku, Fatihu da Huda da Sadi.

Na ɗaya. Gidan Adjamé da shagon da ke bakin kasuwar Black Market a raba su yadda shari'a ta tanada, a hannun Malam Gwadabe limamin unguwarmu. Kada a sayar da gidan sai ku ukun kun yarda. Sadi ya ci gaba da zaman shago, amma ya rage faɗa da masu saye.

Na biyu, kuma dominsa na ɗauki alƙalami. Fatihu, kai ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunanka a gaban mutane ba, yau ga shi na rubuta. Kai ka ba ni ƙodarka, muka je ƙasar waje aka dasa mini. Wata goma sha huɗu ke nan ba ka yi wa ƙanwarka Huda magana ba. Ka ce ita ke fassara tsakanina da likita, sakacinta ne ya sa ƙodar ta lalace. Ba haka aka yi ba.

Kwana shida da dawowarmu Abidjan na tashi na ga gefen ɗinkin ya jiƙe. Na ɗauka ruwan ciwo ne. Da na shinshina, na gane fitsari ne ke tsattsafowa ta inda aka yanka ni. Na yayyage tsohon rawanina na riƙa naɗewa, ina wankewa da kaina a banɗaki, ina shafa turare. Na daina zuwa masallaci na ce jiri nake ji, alhali najasa nake gudu. Da mahaifiyarku Lami tana raye, da kwana ɗaya ba zan yi ba ta gano ni.

Sau biyu Huda ta kai ni wurin likita a unguwar Treichville cikin waɗannan kwanaki. Faransancina na kasuwa ne, bai wuce ciniki ba. Likita ya tambaya ko wurin na fitar da wani abu, ta juyo ta tambaye ni da Hausa, na dubi 'yar cikina na ce lafiya lau. Da ya nemi in buɗe, na ce sauri nake yi, kuma ai ranar na canza auduga a wurin mai wankin ciwo. Yaya zan ce wa 'yata fitsari na zubo mini ta ciki? Haka na ga abin a lokacin. Kwana goma sha tara na yi a haka, sai zazzaɓi ya kayar da ni.

Sauran kun gani. Likita ya ce ƙarshen jijiyar da ke kai fitsari daga sabuwar ƙoda zuwa mafitsara ce ta mutu, ta huje. Aka sa mini robar fitsari wai ko ramin zai toshe da kansa, bai toshe ba. Aka sake yanka ni, aka datse mataccen wurin aka ɗinka jijiyar a mafitsara. Ta sake ɓallewa. Karo na uku suka haɗa ƙodar da tsohuwar jijiyata, amma ƙwayoyin cuta sun riga sun ci wurin, ga magungunan dashen sun kashe mini ƙarfin jiki. Da aka cire ƙodar, na ji likitan na cewa da an zo da wuri da wataƙila an cece ta. Kowa ya dubi Huda. Ni kuwa na rufe ido kamar mai barci.

Na uku. Fatihu, ƙodarka lafiyayya ce. Ta yi mini aiki, na sha ruwa na ƙoshi bayan shekara uku ana auna mini da ƙaramin kofi. Ni na ɓarar da ita. Idan fushi za ka yi, ga mai laifi nan. Kafin a yi sadakar ukuna ka taka da ƙafarka zuwa gidanta a Treichville, kada ka aika kowa.

Na huɗu. Duk wanda ciwo ya kama a cikinku, ya faɗa wa likita komai, ko a gaban wa. Idan ba zai iya ba, ya nemi a fitar da kowa daga ɗakin. Ni wannan dabarar ba ta zo mini ba.

Na biyar. Huda, sau uku a mako kike barin aikinki ki kai ni wankin ƙoda, muna tsaye a cunkoson motoci na hanyar Indénié kina yi mini fifita. Sau nawa na buɗe baki in gaya miki, na kasa. Ina kallo yayanki ya tashi daga tabarma idan kin shigo, na yi shiru. Wannan shirun ya fi ɓoyon farko muni, kuma shi nake tsoron a tambaye ni a kabari. Abin da na faɗa miki shi kika faɗa wa likita, ba ki rage ko kalma ɗaya ba. Ni na yi ƙarya. Ki yafe mini, don Allah.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu jinƙanku. Ku riƙe juna, ku ci abincin Sallah a gida ɗaya. Malam Gwadabe ya karanta wannan takarda a gabanku ku uku, da ƙarfi, kada ya tsallake ko layi ɗaya don ya rufa mini asiri.